Ɗakin buga zane da hannu a Jos: abin da yake iya yi wa bangon littafin ban tsoro

Marubucin da ya kammala labarin aljanu ko na mayu, in ya zo neman bango, hanya ɗaya ya fi bi. Zai je wurin mai kwamfuta, a sauko da hoton ƙwarangwal ko na wata mace mai jajayen idanu daga intanet, a ɗora sunan littafin a sama da jan rubutu mai ɗigar jini. Shi ya sa bangon littattafan ban tsoro na Hausa, na takarda da waɗanda ke yawo a WhatsApp, kusan fuska ɗaya gare su, kuma babu wanda ke sa gaban mai karatu ya faɗi. A Jos akwai wani ƙaramin ɗakin aiki, a lungunan da ke bayan titin Bauchi, inda ake sassaƙa zanen a jikin lino, wani shimfiɗaɗɗen abu mai laushin yanka da wuƙa, ko a jikin katako, a shafa tawada, a buga da hannu. Maigidan wurin da yaransa biyu ne ke aikin. Suna karɓar bangon littafi, da zanen cikin littafi, da hotunan ratayewa a bango masu ƙayyadadden adadi. In a taƙaice ake so, a aikin baƙi da fari sun ƙware ƙwarai, a aikin launi biyu sai an bi su a hankali, a wurin kai zanen maɗaba'a kuwa dole marubuci ya tsaya da kansa.

Abin da ya fi jan hankali a aikinsu shi ne inda suke ɗebo tsoron. Kan akuya mai tauraro a goshi, wanda Bafaranshen nan Eliphas Levi ya zana a tsakiyar ƙarni na 19, da sauran alamomin matsafan Turai, ba sa cikin kayan aikinsu, don Bahaushe bai taso da su ba, ba sa taɓa masa komai a rai. Abin da ya taso da shi daban ne: gindin tsamiya da magariba, guguwar da ke tashi da rana tsaka a hana yara shiga cikinta, tsohuwar rijiya a kangon gida, baƙuwar da ta yi sallama cikin dare sai aka lura kofato ne a ƙarƙashin zaninta. Ga kuma abin da Filato ta ƙara musu, wato kududdufan da haƙar kuza ta bari, masu ruwa shiru da zurfin da ba a ganin ƙarshensa, da manyan duwatsun da suka hau kan juna irin na Riyom.

Akwai wani bango a cikin samfurin da suke nuna wa masu zuwa wanda ya isa a tsaya a kansa. Girmansa A5 ne, wato rabin takardar fotokofi ta yau da kullum. Kusan duk fuskar takardar baƙi ne wuluk, ba a taɓa shi da wuƙa ba. Daga ƙasa ta hagu an fitar da bakin kududdufi da siraran layuka guda biyar ko shida, kowanne bai kai kaurin zare ba. A gefen ruwan mace ce tsaye cikin farin mayafi, ta ba da baya, doguwa fiye da yadda mutum ke kaiwa, kanta ya kusa taɓa sunan littafin. Ba a zana mata fuska ba. Sai ido ya sauka ƙasa sannan yake ganin inuwarta a cikin ruwan, ita kuma inuwar tana fuskantar mai kallo. Duk wanda ya san zancen Doguwa a bakin 'yan bori zai gane inda aka dosa ba tare da an rubuta sunanta ba. Wannan shi ne amfanin lino a irin wannan aiki: abin da wuƙa ta cire shi ke fitowa fari, abin da ta bari shi ke ɗaukar tawada, don haka mai zanen daga duhu yake farawa, yana buɗe haske kaɗan-kaɗan, ya tsaya inda ya ga ya isa.

Ba su suka fara haɗa bugun hannu da duniyar ɓoye ba. Goya na Sifen ya fitar da jerin hotuna 80 a 1799, cike da mayu da dodanni. A nan gida, Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, shi ya yi zanen fassarar Turanci ta labarin D. O. Fagunwa na mafarauci a dajin aljanu, wadda Wole Soyinka ya yi, ta fito a 1968. Twins Seven-Seven na Oshogbo ma ya yi suna da zanen iskokin Yarabawa tun shekarun 1960. Ɓangaren Hausa ne aka bari a baya, alhali kayan suna nan jibge: zayyanar allo, dagi, aska takwas ta babbar riga, gidajen hatimi, da ɗaukacin mutanen Jangare, birnin da 'yan bori ke cewa nan iskoki suke zaune. A wannan ɗaki an san bambancin Ɗan Galadima, ɗan sarauta mai ado da kyauta, da Malam Alhaji, tsoho mai tari da carbi, ba a cakuɗa kayan wannan da na wancan. Marubucin da ya ambaci Sarkin Rafi a labarinsa ba zai tarar an zana masa wani dodo mai fiƙoƙi ba.

Maganar hatimi ita ce ta fi buƙatar kulawa, kuma a nan tsarinsu abin yabo ne. Ba sa sassaƙa aya, ba sa sassaƙa sunan Allah ko na mala'iku, ko da mai littafin ya nace. Amsar maigidan ga masu neman haka ɗaya ce: "Hajiya, ki yi haƙuri, ba ma sa aya a bango. Takardun gwajin da suka lalace a maɗaba'a, a hannun mai ƙosai suke ƙarewa." Gaskiya ya faɗa, kowa ya san inda tarkacen maɗaba'a ke zuwa. Abin da suke yarda su yi shi ne gidajen kawai, ko gidaje da lambobi zalla. Murabba'in lambobi, wato gidajen da jimlar kowane layinsu ke zama ɗaya, lissafi ne mai dogon tarihi. Malamin Katsina Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake tsara waɗanda adadin gidajensu mara ne, wato ba ya rabuwa biyu daidai, ya rasu a Alƙahira a 1741. Tun kafinsa, Bajamushen nan Albrecht Dürer ya sa mai gida 16 a wani hotonsa na 1514, kowane layi yana ba da 34, har ya jera 15 da 14 a layin ƙasa don su nuna shekarar. Duk da haka, wanda zai sa mai gida tara a bangon littafinsa ya sani cewa masu duba da masu tsibbu na aiki da shi, akwai masu karatun da ba za su shigar da littafin ɗakinsu ba saboda shi. Gidaje fanko, da wani abu na labarin a cikinsu, kamar wuri ko allura ko ido, sun fi aminci, kuma sau da yawa sun fi ban tsoro.

A kan wannan mai gida tara akwai wani gwaji da ya lalace da suka rataye a jikin bango don koya wa yara. Duk abin da aka sassaƙa a lino juyewa yake yi in an buga, dama ta koma hagu. Wanda ya sassaƙa lambobin Larabci a miƙe, ba a juye ba, zai gamu da matsala ta musamman, domin biyu da shida na Larabci kowanne juyin ɗan'uwansa ne. Ɗaya da biyar da bakwai da takwas ba sa canzawa, amma biyu sai ta fito shida, shida ta fito biyu. Murabba'in da ya kamata kowane layinsa ya ba da 15, wato 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa, sai layin sama ya koma 19, na ƙasa 11. Almajirin da ya san hisabi kallo ɗaya zai yi ya gane. Maganin da suke bi mai sauƙi ne: a yi zanen a takarda mai shara-shara da fensir mai laushi, 4B ko 6B, a kifa ta a kan lino, a goga bayanta da cokali. Zanen zai hau a juye da kansa, sai a bi shi da biro kafin a sa wuƙa. Haka ake yi wa sunan littafi, na boko ne ko na ajami. Marubuci ya nemi a nuna masa linon a madubi kafin a fara yanka, don bayan an yanka babu gyara.

Linon da suke amfani da shi na sassaƙa ne, mai kaurin kusan milimita 3, mai buhu a bayansa, daga Legas ake kawo shi. Ba ledar tsakar ɗaki ba ce da ake sayarwa a Terminus. Waccan roba ce mai soso a ciki, wuƙa na yaga ta maimakon yanka, tawadar mai kuma ba ta zama a kanta daidai. Idan lino ya yanke musu sukan koma filawud mai santsi, kuma nan ne mai ba da aiki ya kamata ya yi tambaya, domin katako na fasa siririn layi in an yanka shi a gicciyen jijiyarsa. Ga zanen guguwa ko kututturen kuka, jijiyar katakon ƙarin kyau ce. Ga fuska ko ƙananan haruffa, a jira lino.

Yanayin Jos na shiga cikin aikin fiye da yadda ake zato. Garin na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu kan sa lino ya sandare, wuƙa ta riƙa zamewa, gefen layi ya riƙa ɓantarewa. Suna shanya shi a rana minti goma, ko su ɗora ƙyalle su ɗan goga da dutsen guga, sai ya yi laushi. Kafin zane suna bin fuskarsa da sanfefa mafi laushi don ƙyallin ya tafi, su shafa tawada mai ruwa-ruwa yadda duk inda aka yanka zai fito fili. Wuƙa mai bakin V ta layi ce, zurfin milimita 1 ya ishe ta. Mai bakin U ta share fili ce, sai an nutsa ya kusa milimita 2, in ba haka ba rola za ta taɓa ƙasan ta bar datti. Ɗan tudun da wuƙar ke bari tsakanin yanka da yanka, wanda wasu ke sharewa tas, su da gangan suke barin wani ɓangarensa. Shi ke ba da wannan hazo-hazo na hunturu a bayan hoto, kuma yana daga cikin abubuwan da kwamfuta ba ta kwaikwaya da kyau.

Tawada kuwa ta mai ce. Ta ruwa ba ta jure iskar hunturu, kafin a gama murza ta a kan gilashi ta fara bushewa. Wadda suka fi samu ita ce ta injin ofset, wato injin buga littattafai na maɗaba'a, mai danƙo da yawa, in aka buga da ita haka nan sai ta ciro fuskar takarda. Suna sassauta ta da ɗigo biyu ko uku na man linsid a kan abin da bai wuce rabin cokalin shayi ba. Wasu masu buga riguna da kananzir suke sassautawa, wanda ke barin zoben maiƙo a gefen baƙin bayan kwana biyu. A nan kananzir na wankin rola ne kawai. Ana murza tawadar a gilashi har ta yi sirara, ƙarar rola ta koma ɗan shuu mai laushi, sannan a bi lino sau uku ko huɗu da sauƙin hannu. In aka lafta a tashi ɗaya, siraran layukan nan na bakin ruwa su ne za su fara toshewa.

Rauninsu na farko a matsewa yake. Abin da suke da shi tsohon injin matse littafi ne mai juyawa da hannu, wanda bai wuce A3 ba, kuma ƙarfinsa a tsakiya ya fi taruwa. A hoton da baƙi ya cika shi, gefuna kan fito da ɗigo-ɗigon fari. Suna cikawa da bayan cokali, suna ɗaga kusurwa ɗaya su duba su mayar, kuma a takarda mai giram 120 zuwa 160 hakan na yi. A mai kauri, giram 250 zuwa sama, sai an ɗan jiƙa ta an kwantar da ita tsakanin jaridu ta kwana, kuma ba kullum yaran ke yin haka ba in aiki ya yi yawa. Wanda zai sayi hoton ratayewa ya ɗaga shi a hasken taga ya duba kusurwoyi huɗun. Ya kuma duba ƙasan hoton: lambar bugu da fensir, misali 7/30, wato na bakwai cikin kwafi talatin, da sa hannun mai zanen. Takardar ma a tambaya. Katin da ake samu a shagunan kayan makaranta yana yin rawaya cikin 'yan shekaru, kuma shi suke ɗauka in ba a ce komai ba. Takardar auduga ta fi tsada nesa ba kusa ba, sai an ba da kuɗinta tun farko an jira a kawo.

Rauni na biyu launi ne. Yawancin marubuta ja suke so a kan baƙi, wata ko ido ko ɗigon jini. Ana buga jan da farko, a bar shi ya bushe, sannan baƙin ya hau. Suna daidaita takardar da wani kwali mai kusurwa da suka manna a tebur, amma gocewar milimita 1 ta isa ta bar farin zobe a gefen watan. Da damina abin ya fi muni, musamman Yuli da Agusta, domin takarda na shan laima ta buɗe tsakanin bugun farko da na biyu, tawadar da ke bushewa cikin kwana uku zuwa biyar da hunturu kuma takan haura kwana goma. Ranar da suka ce a zo a karɓa, da damina, a ƙara mata mako guda. Idan bangon littafi ne kawai ake so, babu dalilin wannan wahala: a buga baƙin da hannu, a saka jan a kwamfuta daga baya. Launi uku zuwa sama kuwa ba fagensu ba ne, kuma da sun riƙa faɗa wa mutane haka kai tsaye da ya fi, maimakon karɓar aikin.

Inda aka fi yin asara shi ne tsakanin ɗakin nan da maɗaba'a. Hoto na fita daga hannunsu baƙi ƙirin, ya dawo daga injin ofset toka-toka, ko kuma fararen layukan su ɓace. Ba su da sikana mai kyau, sukan ɗauki hoton da waya su tura, abin da bai kamata ba. A kai bugun da ya bushe sarai wurin mai sikana, a ɗauka a kan 600 dpi, wato ma'aunin tsabtar hoto, a gyara fari ya zama fari tas. Sai maganar baƙin. Baƙar tawada ita kaɗai, ɗari bisa ɗari, ba ta cika duhu a fili mai faɗi. Masu maɗaba'a kan haɗa ta da sauran launuka uku don ta yi ƙarfi, misali shuɗi 60, ja 40, rawaya 40, baƙi 100. Wannan haɗin na da kyau ga hoto na yau da kullum, amma ga zanen lino guba ne, domin farantan bugu huɗu ne, ɗaya ga kowane launi, za su hau kan juna, ko ɗaya ya ɗan goce sai siririn farin layi ya cike da launi. Abin da ya fi shi ne baƙi 100 da shuɗi 40 kawai a ƙarƙashinsa, a kuma janye shuɗin kaɗan daga bakin layukan. Mai injin da ya san aikinsa zai gane wannan bayani nan take.

Sauran ma'aunin ba su da wuya, amma ana mantawa. A5 milimita 148 ne a 210, a bar ƙarin milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, kuma tun a kan lino za a bar shi, ba a kwamfuta za a ja hoton ba. Littafi mai shafi 200 a takarda mai giram 80 ganye 100 ke nan, ƙashin bayansa zai kai kusan santimita 1, a sanar da mai zanen in ana son zanen ya zagaya baya. Ledar da ake shafa wa bango iri biyu ce. Marar ƙyalli ta fi dacewa da wannan zane, sai dai a kan baƙi tana nuna shatin yatsa da ƙarce, littafin da zai zauna a tebur a bakin titi cikin ƙura ba zai daɗe da kyansa ba. Mai ƙyalli ta fi juriya amma tana kashe hazon nan na wuƙa. Ga littafin kasuwa, mai ƙyalli. Ga bugu na musamman mai ƙaramin adadi, marar ƙyalli, kowane kwafi a cikin ledarsa.

Akwai gwaji ɗaya da ya kamata a yi tun zanen na kan takarda. Yawancin masu karatu a waya za su fara ganin bangon, a girman da bai wuce kwalin ashana ba. A ɗauki hoton zanen, a ƙanƙantar da shi haka, a duba. Idan doguwar macen ta fito, sunan littafin ya karantu, shi ke nan. Idan duk tsoron yana cikin siraran layuka ne, a waya baƙin fili kawai za a gani. Maigidan na son siririn aiki, hannunsa ya kai, amma sai an tuna masa da wannan.

Kuɗin aiki na tafiya ne bisa girman lino, da yawan launi, da adadin bugu, kuma ya ninka na mai kwamfuta sau da yawa, domin bango ɗaya na cin kwanaki ana sassaƙa. Suna karɓar rabi kafin a fara. Kafin a biya, a kai musu babi biyu ko uku na labarin su karanta, ba taƙaitawa ta baki ba, don zanensu ya fi kyau nesa idan sun ji muryar labarin. A nemi zanen fensir biyu a zaɓa, sannan gwajin bugu ɗaya kafin a amince. A kuma rubuta a takarda wa zai riƙe linon bayan an gama. Al'adarsu ita ce ya zauna a wurinsu, kuma suna iya buga hoton su sayar a matsayin na ratayewa ba tare da sunan littafin ba. Marubucin da ba ya son ganin bangonsa a falon wani kafin littafinsa ya fito ya sayi linon gaba ɗaya, ko a yarda kan adadin da za a buga, in an cika a ja wuƙa a gicciye a kan fuskarsa a gaban idonsa.